Maigadin Kanti da Wanda Ake Zargi da Sata: Ina Iyakar Ikonsa?

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara)



Muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba mu damar tofa albarkacin bakinmu. Mun zaɓi yin magana a kan gadin kanti ne domin ya shafe mu ta fuska uku. Wasunku masu kantuna ne a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, wasu 'ya'yanmu da aikin gadi suke ciyar da iyalansu, sannan babu wanda ba ya shiga kanti sayayya.

A 'yan shekarun baya wani tsohon ɗalibinmu da ke gadin wani babban kanti ya kama yaro da gwangwanin madara biyu a aljihu. Ya kulle shi a sito, ya yi ta dukansa da kulki har ya karya masa hannu. Kashegari shi ne ya wayi gari a hannun 'yan sanda, mai kantin kuma ya ce bai sa shi ba. Reshen ƙungiyarmu ne ya haɗa kuɗin lauya da na asibiti. Da muka je duba shi, abin da ya ce mana shi ne, "Malam, ai ɓarawo na kama." Gaskiya ya faɗa, amma bai san inda ikonsa ya tsaya ba.

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne maigadi ba ɗan sanda ba ne, ko da ya sa kaki. A idon doka ikonsa daidai yake da na kowane ɗan ƙasa. Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, kuma hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kan waɗannan kamfanoni.

To, me doka ta ba shi? Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta Tarayya ta 2015, wadda jihohi suka kafa irinta, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019, ta ce a sashe na 20 kowane mutum yana iya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, ko wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa da laifin da ɗan sanda zai iya kamu a kansa ba tare da takardar izini ba. Sata tana cikin irin waɗannan laifuka. Amma ƙwaƙƙwaran dalili ba ya nufin kamannin mutum ko tufafinsa ko harshensa. Yana nufin an ga ya ɗauki kaya, ya ɓoye, ya wuce wurin biya bai biya ba.

Bayan kamu, sashe na 23 ya wajabta a miƙa mutumin ga ɗan sanda nan take, ko a kai shi caji ofis mafi kusa. A nan ikon maigadi ya ƙare. Binciken jikin wanda aka kama aikin ɗan sandan da aka miƙa masa ne, kuma doka ta ce a yi shi cikin mutunci, mace ta bincika mace. Duba jaka da rasit a bakin ƙofa kuwa da yardar mai jakar ake yinsa. Ba a ɗaure mutum ko a sa masa ankwa sai in yana neman gudu ko ana tsoron ya ji wa wani rauni.

Akwai abubuwan da muka saba gani waɗanda doka ba ta yarda da su ba. Duka, da tuɓe mutum, da rataya masa kayan a wuya a zaga da shi, duk sun saɓa wa sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya kare mutuncin ɗan Adam. Kulle mutum a sito na sa'o'i laifi ne a dokar Final Kod, haka nan tsorata shi don ya biya ninkin kuɗin kayan. Sashe na 36 ya ɗauki wanda ake zargi a matsayin marar laifi har sai kotu ta same shi da shi. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana iya neman diyya, kuma ƙarar tana iya haɗawa da mai kantin, tunda a bakin aikinsa abin ya faru.

Mafi hatsari shi ne ihun "ɓarawo!" a cikin jama'a. A 2012 an kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a garin Aluu bisa zargin sata, kuma a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan haka. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo a kan hanyarsu ta zuwa Kano, bayan 'yan sintiri sun tare su. Mu da muke zaune a garuruwan mutane, mu ne muka fi kowa buƙatar a bar hukunci a hannun kotu.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Masu kantuna su rubuta wa masu gadinsu ƙa'idar aiki, su ba su lambar wayar caji ofis, su kuma sa kyamara, domin hoto ya fi rantsuwa amfani a gaban alƙali. Masu gadi su natsu, su yi magana da ladabi, su nemi shaida ya tsaya, in yaro ne a kira iyayensa. Rassan ƙungiya kuma su roƙi lauyoyin cikinmu su riƙa zama da matasanmu masu wannan aiki ko sau ɗaya a shekara. Kada garin neman gira a rasa ido.