Ilimin halittu: yadda yaro zai yi karatu ya ci jarrabawa

Ga jawabin da wani malamin kwaleji ya yi wa iyayen yara a Bangi, cikin ƙasar Madawa.



A kwaleji akwai darasin da ake kira SVT, wato ilimin halittu da ƙasa. Cikinsa ne yaro yake koyon jikin mutum, da tsirrai, da dabbobi, da cututtuka. Shekara 4 ake yi a kwaleji, sannan a yi jarrabawar BEPC. Wanda ya faɗi, ko ya maimaita aji, ko ya dawo gida. Kuɗin kaye da wahalar iyaye sun tafi ke nan.

Sau da yawa yaron da ya faɗi ba daƙiƙi ba ne. Hanyar karatunsa ce ba ta da kyau. Yakan ajiye kaye har jarrabawa ta matso. Sai ya kwana yana haddar Faransanci, bai san ma'anarsa ba. In malami ya juya tambaya, sai ya rikice.

Wani masani ɗan Jamus, Ebbinghaus, ya binciki mantuwa. A 1885 ya nuna cewa abin da aka koya ya fi saurin ɓacewa a ranar farko. Ya kuma nuna cewa maimaitawa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki ta fi zama guda mai tsawo. Da yayyafi kogi kan cika.

To, ga abu uku da yaro mai ƙoƙari yake yi.

Na ɗaya, yana duba darasi a ranar da aka yi shi, ko na rabin awa ne. Bayan kwana biyu ko uku ya sake dubawa.

Na biyu, yana rufe kaye ya faɗi darasin da Hausa. In an koya masa rayuwar sauro, sai ya gaya wa uwarsa cewa sauro cikin kwantaccen ruwa yake ƙwai, nan 'ya'yansa suke girma kafin su yi fiffike. Wurin da ya kasa bayani, nan ne bai gane ba. Gobe sai ya tambayi malam.

Na uku, yana duba abin da idonsa, ya zana shi. Ya tuge wake ya ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwa. Cikinsu akwai ƙananan halittu masu ƙara wa ƙasa taki. Shi ya sa wake yake gyara gonar hatsi. Ya dubi layukan bedi da aka fara dasawa a kwarin Majiya, ƙasar Buza, tun 1975, ya tambayi yadda suke tare iska. Abin da ido ya gani ba ya saurin fita.

Iyaye, ku ma kuna da aiki. Ku tanadi fitila. Ku rage aike bayan magariba. Yarinya kuwa a sauwaƙe mata daka da ɗebo ruwa, don ita ma jarrabawa ɗaya za ta yi da maza. A bar yaro ya yi barci sosai, har daren jarrabawa.

Ku da kuke zuwa ajin yaƙi da jahilci, kun san harafin da ba a maimaita ba gudu yake yi. Ba sai kun iya Faransanci ba. Kowane dare ku ce wa yaro: "Rufe kaye, gaya mini abin da aka koya maka yau."

Allah ya ba yaranmu sa'a, amin.