Katin Asibiti Shaida Ne: Jan Kunne Ga Masu Keke

Wannan shi ne jawabin da editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na manya a unguwar Daurawa, Ƙaramar Hukumar Tarauni, Kano.



Da na shigo, na ga kekuna jingine a bakin ƙofa. Keke shi ne dokin talaka. Da shi ake kawo kayan miya daga Dawakin Kudu ta Titin Zariya, da shi ake shigowa daga Warawa ta Titin Maiduguri. Amma a kan waɗannan tituna mai keke yana gogayya da tifa da tirela da adaidaita sahu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Yau maganata a kan abu ɗaya ce: abin da ake rubutawa a asibiti idan mota ta buge mai keke.

Bari in ba ku labarin wani ɗan'uwana. Mota ta buge shi da magariba yana komawa gida. Da aka kai shi asibiti, masu rakiya suka ji tsoron maganar 'yan sanda. Sai suka ce wa likita faɗuwa ya yi daga keke. Haka aka rubuta. Direban ya yi alkawarin biyan kuɗin magani, bayan mako biyu ya daina zuwa. Da muka kai ƙara, aka ce mu kawo takardar likita. Takarda ta ce faɗuwa ya yi. Mu da bakinmu muka kashe shaidarmu. Sai da aka sayar da awaki biyu aka biya kuɗin aikin ƙafarsa.

To, me ya sa kalma ɗaya take da nauyi haka?

A manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke nan kusa da mu a Titin Zariya, akwai ofishin da ke adana fayil ɗin marasa lafiya. Ma'aikatan irin wannan ofis suna karanta abin da likita ya rubuta, su mayar da shi lamba. Lambobin daga wani kundi suke na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira ICD. An amince da bugu na 10 a 1990. Bugu na 11 ya fara aiki a 2022, ƙasashe na komawa kansa sannu a hankali.

A bugu na 10, mai rauni yana samun lamba iri biyu. Ta farko tana faɗin raunin. Misali, karayar ƙwauri S82 ce, karayar cinya S72. Ta biyu tana faɗin sanadi. Masu keke an ware musu V10 zuwa V19. Idan babur ko adaidaita sahu ne ya yi bugun, V12 ce. Idan ƙaramar mota ce ko a-kori-kura, V13. Idan tirela ce ko tifa ko babbar bas, V14. Wanda ya faɗi shi kaɗai, ba tare da ya yi karo da komai ba, V18. Kun gani, ɗan'uwana V13 ya kamata a ba shi, ƙaryarmu ta kai shi V18.

Ba sai kun haddace lambobin nan ba. Aikin ma'aikata ne. Naku shi ne faɗin gaskiya, domin abu uku ne suka rataya a kanta.

Na ɗaya, magani. Wanda mota ta buga yana iya samun rauni a ciki ko a kai wanda ido ba ya gani. Idan likita ya san mota ce, zai zurfafa bincike. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na biyu, diyya. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda ta ji wa rauni. Kamfanin inshora da kotu takarda suke dubawa: rahoton likita da na 'yan sanda da rasit.

Na uku, gyaran hanya. Waɗannan lambobi ake tarawa a ƙidaya. Idan duk masu keken da aka buge an rubuta faɗuwa suka yi, hukuma za ta ɗauka babu matsala. Wanda ba a ƙidaya shi ba, ba a yin shiri dominsa.

Saboda haka idan abin ya faru, Allah ya kiyaye, ga abin yi:

1. A fara ceton rai. A buga 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, ko a garzaya asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

2. A rubuta lambar motar da launinta, da wuri da rana da lokaci.

3. A gaya wa likita a kan keke yake, shi ke tuƙi ko goyo ne, kuma wace irin mota ce. A faɗa idan ya suma ko ya yi amai.

4. A ba da cikakken suna iri ɗaya da na katin shaida, ban da laƙabi.

5. A adana kati da rasit da hoton ƙashi a leda. Duk ranar komawa a tafi da su, ko da Asibitin Ƙashi na Dala aka tura ku.

6. Kada a wuce da shi wajen mai ɗori kafin likita ya duba shi. Ɗori ba ya barin takarda.

Kada ku ji tsoron tonon asiri. Dokar 2014 ɗin nan ta ce bayanin mara lafiya sirri ne.

'Yan'uwa, a nan karatunku zai yi rana. Wanda ya iya A da B da 1 da 2, zai iya ɗaukar lambar mota. Zai iya duba kati ya ga ko sunansa daidai ne. Aikin gida na wannan mako: kowa ya rubuta lambar mota biyar da ya gani a hanya, ya kawo wa malaminsa. Kuma a sa fitila a keke, a gyara birki.

Allah ya tsare mu a hanya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.