Uwargida, Ke Ce Mai Wuni a Ɗakin

 

Yau zancen gini za mu yi. Na san za ki ce me ya haɗa mai kulle da gini? To ai ke ce mai wuni a ɗakin. Maigida ya fita tun da sassafe, ke aka bari da rufin kwano yana gasa ki, ke da goyonki, har la'asar.

A ƙasashe irin su Jamus akwai gidajen da na'ura ke kula da su. In ba kowa a ɗaki, fitila ta kashe kanta, in rana ta take, labule ya sauka. Duk don a rage shan wuta ne. Mu ba mu kai can ba, amma iyayenmu sun san tasu dabarar. Wadda ta taɓa shiga Gidan Makama ta san sanyin soron ƙasa. Bango mai kauri yakan shanye zafin rana, ba ya sakin sa sai dare.

Yanzu dubi Rijiyar Zaki, can hanyar Gwarzo. Gonakin gero da dawa an yanka su filoti-filoti, an sare itatuwa, an jera bulo da kwano, wani ɗakin ko silin babu. Dole fanka ta kwana tana juyi, in ma an kawo wutar ke nan. Ga ta ba arha ba: a watan Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga unguwannin da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana.

Saboda haka in maigida ya fara zancen gini, ki sa baki cikin ladabi. Ki nemi taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, a sa silin, a zaɓi kwano mai haske, don baƙi zafi yake tarawa. Yamma da ɗakin a dasa darbejiya, ba ruwa yara za su iya.

Wadda kuwa aka riga aka yi wa ginin, ta fara da ƙwan fitila. Tsohon nan mai zafi wat 60 yake ci, na zamani mai wat 9 hasken da zai ba ki ke nan. Guga kuma a tara kaya a yi lokaci guda, kada a yi ta kunna dutsen saboda ɗankwali ɗaya.