Faiba, Soso da Audugar Rimi: Me Muke Cusawa a Matashi?

Shugaba, iyayenmu, 'yan uwana mata na Rano da waɗanda suka taso tun daga Kibiya, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. An ce in yi magana a kan sana'ar matashi, ni kuma na zaɓi kalma ɗaya da ke jawo mana rigima da masu saye, wato faiba.

Kalmar Turanci ce, asalinta tana nufin siririn zare ko jijiyar tsiro. Shi ya sa likita zai ce ki ci abinci mai faiba, yana nufin ganye da wake da hatsin da ba a cire masa dusa duka ba. Yaran nan kuma in sun ce faiba, wayar intanet suke nufi wadda ake binnewa a ƙasa. A bakinmu masu ɗinki, ita ce farar abar nan mai laushi da ake sayarwa a buhu. Ba auduga ba ce, ko da ta yi kama. Daga man fetur ake samo ta, wata ma gorar ruwan roba ake narkarwa a mayar da ita zare. Tana wankuwa, tana bushewa da wuri, amma mai arhar in an kwana a kanta wata biyu sai ta kwanta kamar fanke.

Kafin ta zo, me iyayenmu suke cusawa? Audugar rimi. Da rani ƙwanson yake fashewa, a tsince, a fitar da 'ya'yan. Gashinta gajere ne mai santsi, ba ya kaɗuwa a mazari, don haka aka bar ta wa matashi da katifa. Ba ta shan ruwa da sauri, har Turawa suka riƙa cusa ta a rigar ceton masu jirgin ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Aibinta wuta. Tartsatsi ɗaya ya ishe ta, kada a ajiye buhunta kusa da murhu ko kaskon turare.

Sai soso, wanda wasu ke kira fom. To, wannan fom ɗin ba shi ne wanda muke cikewa in za mu karɓi rance ba! Vitafoam ta fara a 1962. Mouka kuwa tushenta nan Kano ne, a 1959, da gadon ƙarfe ta soma kafin ta koma katifa.

Ga inda matsalar take. Uwar amarya ta zo ta ce matashin faiba take so, ta biya kuɗin faiba. Wata cikinmu ta sa ƙyallayen tela da ɓurɓushin soso a tsakiya, ta lulluɓe da 'yar faiba a sama, ta ɗinke. Ranar da aka wanke shi ya dunƙule, ba sunanta za a kira ba, za a ce kayan ƙungiya ne. Ƙyalle ba laifi ba ne, yana da kyau a tumtum da matashin kujera, domin suna son nauyi. Amma a faɗa wa mai saye, a rage masa kuɗi.

Shawarata, kowane matashi da zai fita da sunanmu a ɗinka masa ɗan ƙyalle a gefe, a rubuta abin da ke ciki. A bar ƙaramin zif yadda mai saye zai zura hannu. Mu daina awo da ido, mu sayi sikeli ɗaya, a san kilo nawa ke shiga matashin kai. In muka haɗa kuɗi mutum biyu suka je Kano suka sayo a sari, kuɗin mota ma ya ragu.

Masu ɗinka saitin jarirai, don Allah a cire matashi daga ciki. Ma'aikatan lafiya sun hana sa wa jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya, domin yana iya toshe masa numfashi.

Na kawo samfurin kowanne, suna kan tebur wajen ƙofa. In an tashi a taɓa, a matse, a ga wanda ke dawowa.