Mafarautan Bunkure da Nauyin da ke Kanmu: Jawabin Malamai Kiristoci na Reshen Wudil



Mu Kiristocin wannan reshe 'yan ƙalilan ne. A cikinmu akwai Bahaushe haifaffen jihar nan, akwai ɗan kudancin Kaduna, akwai Ibo da Bayarabe waɗanda alli ya kawo bakin kogin Wudil. Abin da ya tashe mu magana shi ne jinin da aka zubar a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025, inda aka tare mafarauta a hanyarsu ta dawowa gida Sallah daga Fatakwal, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe goma sha shida ba tare da shari'a ba. Yawancinsu mutanen Bunkure ne, nan kusa da mu.

Uromi gari ne da galibin mazaunansa Kiristoci ne, saboda haka bakinmu ne ya kamata ya riga na kowa. Wannan kisa zalunci ne, zunubi ne a gaban Allah, kuma tsoron 'yan fashi ba ya wanke shi. Ba za mu bi shi da "amma ai mu ma an kashe mana" ba. Gaskiya ne an kashe: ba mu manta Oktoban 1991 a birnin Kano ba, ko Mayun 2004, lokacin da aka huce fushin Yelwan Shandam a kan waɗanda ko hanyar garin ba su sani ba, ko harin da aka kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a Afrilun 2012. Sai dai wanda ya ɗora gawarsa a sikeli don ta rinjayi ta maƙwabcinsa ya wulaƙanta su duka biyu. Sa'ad da aka tambayi Yesu Almasihu wane ne maƙwabci, bai nuna ɗan dangi ba. Labarin Basamariye ya bayar, mutumin ƙabilar da masu sauraronsa suka fi ƙyama, wanda shi kaɗai ya tsaya wa raunanne a hanya.

Akwai kuma bashin da ke wuyanmu. Bayan Uromi mun kwana da fargaba, gama mun san yadda irin wannan labari ya saba ƙarewa. Kano ba ta rama ba. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo ta'aziyya, aka karɓe shi. Haƙurin iyalan mamatan ne ya bar mu muka ci gaba da shiga aji lafiya, kuma mun ga ba a gode musu yadda ya dace ba.

Ramakonmu a aji yake. Ƙabilanci ba ya fara da fetur da ashana. Da suna yake farawa. Yaron da ya saba jin "nyamiri" ko "arne" a filin makaranta ba a tsawata ba, da takwaransa na Kudu da ya mai da "aboki" zagi, darasi ɗaya suke ɗauka: cewa akwai mutumin da bai cika mutum ba. Ƙungiyarmu ta NUT, wadda aka kafa a 1931 da limamin coci Israel Ransome-Kuti a matsayin shugabanta na farko, ba ta taɓa tambayar ƙabilar malami kafin ta karɓi kuɗin ƙungiya ba.

Don haka muna roƙon reshe abu biyu. A amince cewa duk malamin da ya ji irin waɗannan sunaye, a aji ko a ofishin malamai, zai tsawata nan take, ko daga bakin wa suka fito. Sa'an nan a haɗa mana tawaga, Musulmi da Kirista, mu je Bunkure mu gai da marayun, mu bincika wane ne a cikinsu ya bar makaranta. Kuɗin mota da na littattafai mu za mu fara zubawa.