Mu Ke Tara Ƙarfen, Wa Ke Sassaƙa Shi?



Tarihin kamfanin ƙarfe na Ajaokuta kowa a nan Enugu ya haddace shi, ba zan ɓata muku lokaci ba. Rigimata da jami'an gwamnati ta girme wannan: sun ɗauka masana'anta gini ce da tuta. A 1980 aka kafa kamfanin Nigeria Machine Tools a Osogbo tare da HMT na Indiya, don ƙera injunan da ke sassaƙa ƙarfe da huda shi da goge shi, wato uwayen sauran injuna. A 2007 aka sayar da shi ga 'yan kasuwa. Indiyar da ta kafa nata HMT a Bangalore tun 1953 ta yi nisa, mu kuwa makanikinmu har gobe tsohon injin da Turai ta yar yake nema.

To ina ƙarfinmu yake? Ku leƙa injin markaɗe a kasuwar Ogbete. Sandar da ke juya faifan ta lanƙwashe, mai injin ba ya rubuta wa Sin wasiƙa. Yana kai ta shagon mai sassaƙa ƙarfe, a ɗaure guntun ƙarfe a inji, a auna, a fiƙe, ɓawon ƙarfe na zuba ƙasa yana naɗewa, kafin la'asar an koma niƙan tattasai. Wannan hannun shi ya gina masana'antun Nnewi. Shi ne kuma asalin cibiyar PRODA da ke nan garin, wadda aka kafa bayan yaƙin basasa don kada basirar injiniyoyin Biyafara ta bi ruwa. Halin masana'antarmu ke nan: ƙanana ce, gyara ta fi ƙwarewa a kai, kuma ba ta jiran kasafin kuɗi.

Guntun ƙarfen nan fa, wa ya kawo shi? Yaranmu 'yan gwangwan, masu tura kura a rana daga Onitsha zuwa Fatakwal. Su tara, a ɗora a sikeli, a biya su kuɗin kilo, wani ya narka ya sayar mana da shi ninkin-ba-ninkin.

Wasu abokan aikina na cewa babu wuta, babu ƙarfen gida, don haka a jira. Mai shagon Nnewi da janareta yake aiki, bai jira kowa ba.

Abin da na daɗe ina faɗa shi zan maimaita. Kowace unguwar Hausawa, daga Gariki zuwa bakin gadar Onitsha, ta haɗa kuɗi ta sayi injin sassaƙa ko da guda ɗaya ne. Sarakunanmu su zauna da masu shagunan nan a ba su yara koyon aiki, da yarjejeniya a rubuce. Garin Enugu da ya zaɓi Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, magajin garinsa na farko ba zai hana ɗanka koyon awon ƙarfe ba. Gwamnati kuma, in tana son taimako, ta sa makarantun fasaha su sayi injunansu a Osogbo.