Rajistar makaranta: abin da aka rubuta a kan yaro, da hannun da yake faɗawa



Zancen yau a kan rajistar makaranta ne, wato littafin nan da darakta yake ajiyewa cikin akwatinsa, ko cikin jakarsa idan makarantar ta kara ce ba ta da ƙofa. A cikinsa akwai sunan kowane yaro, da na ubansa da na uwarsa, da shekarar haihuwarsa da garinsu. Iyaye da yawa ba su taɓa ganin shafin da aka rubuta ɗansu ba, alhali kuwa abin da ke shafin zai bi yaron har ranar ritayarsa.

Mutanen wannan yanki ba yau suka fara shakkar rubuta suna ba. Tun da rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar a 1899, har ta kashe shugabanninta a wajen Maijirgi, duk sa'ad da Nasara ya nemi sunaye to haraji ne, ko aikin tilas, ko soja, ko lakol. Dogari ya zo da takarda, iyaye su ɓoye yaro cikin rumbu ko su tura shi almajiranci. An soke aikin tilas a 1946, an sami mulkin kai a 1960, yau uba da ƙafarsa yake kai ɗansa makaranta. Tsoron ya ragu, amma tambayar da ta kamata ta maye gurbinsa ba ta zo ba: me aka rubuta, kuma wa zai karanta?

A fara da shekaru. Binciken ƙasa na 2006 ya nuna yara 32 cikin 100 ne aka yi wa rajistar haihuwa a Nijar. Na 2012 ya nuna 64. Doka mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yuli 2019 ta ba da kwana 60 don sanar da haihuwa, wanda ya wuce wa'adi sai ya bi ta hannun alƙali. Saboda haka a ƙauyuka da dama, daga Urafan zuwa Kanambakashe, yaro yakan shiga ajin farko ba shi da takarda ko ɗaya. Malami ya dube shi, ya tambayi uban, uban ya ce an haife shi daminar da fari suka ci gero, ko shekarar da kakarsa ta je Makka. Tsofaffin malamai suna tune da wata dabara: a sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya ɓangaren, in ya taɓo ya isa shiga. Da irin wannan ƙiyasi ake cika layin shekarar haihuwa.

Sunan ma haka. Mahamadu ɗaya ne a gida, amma a rubutun Faransanci yana iya fitowa ta hanya uku ko huɗu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari saboda alkunya, sai ta ba da laƙabi, a rubuta Tanko ko Laraba. Yaron da ke hannun baffansa a rubuta shi da sunan baffan. Babu mai mugun nufi cikin duk wannan. Matsalar tana jira ne a aji shida, sa'ad da za a haɗa takardun jarrabawar CFEPD, wadda aka dakatar tsawon kusan shekara goma kafin a maido da ita a 2024. A lokacin ne ake gaggawar neman takardar alƙali da ke maye gurbin ta haihuwa, kuma sau da yawa jerin sunayen da darakta ya miƙa shi ne ake kwafewa. Ƙiyasin ranar shiga makaranta ya zama hukuncin kotu ke nan. Daga nan ya hau takardar BEPC, ya hau ta BAC, ya hau katin ɗan ƙasa. Harafi ɗaya ya saɓa tsakanin takardu biyu, sai a maido da takardun saurayi ranar ɗaukar soja ko malanta, uban ya sayar da akuya ya kama hanyar kotun Tasawa ko ta Mayahi.

Akwai kuma rage shekaru, wanda iyaye da malamai kan yi da yardar juna don kada yaro ya wuce ƙa'idar shiga kwaleji. Taimako ne a ranar, ba a musu. Sai dai takardar da aka yi wa ƙarya sau ɗaya ba ta da wuyar yi wa ta biyu, kuma idan rigima ta tashi kan auren yarinya ƴar makaranta, wadda dokar gwamnati ta ranar 5 ga Disamba 2017 ta ce a kare karatunta, shekarun da ke takarda ne hukuma za ta duba.

Ina bayanan suke zuwa? Ƙididdiga tana hawa daga makaranta zuwa ofishin insifekta, zuwa Maraɗi, zuwa Yamai: maza kaza, mata kaza, tebura kaza. Wannan ba ya cutar da kowa, da shi ake raba malamai da littattafai. Suna shi ne wani abu dabam. Tun yunwar 2005, wadda ta yi wa jihar Maraɗi mummunan kamu, ƙungiyoyin agaji suka saba da hanyar ƙauyukan nan, kuma makaranta ce wurin da ake samun jerin yara a shirye. Mai ciyar da ɗalibai yana son sunaye. Mai ba ƴan mata tallafin karatu yana son ya san wace ce marainiya, wace ce ubanta ba shi da gona, wace ce aka sa wa rana. Wani ya ƙara da hoto da lambar wayar uba. Aikin alheri ne, darakta kuma ba zai so makarantarsa ta rasa ba, sai ya ba da. Ba safai ake gaya wa uba cewa an rubuta gidansa cikin matalauta ba, balle a gaya masa inda takardar za ta kwana bayan aikin ya ƙare.

Da can takarda ce, gara da ruwan sama suna cinye ta. Yanzu waya ce. A ɗauki hoton shafin rajista a tura ta WhatsApp, cikin minti ɗaya ya isa hannu ashirin. Wayar ta malami ce, ba ta makaranta ba. A canza masa wurin aiki ya tafi da ita, ta lalace ya kai ta gyara kasuwa. Kuma duk wanda ya san siyasar ƙasar nan ya san darajar takardar da ke ɗauke da sunayen magidanta, garinsu, lambarsu da halin rumbunsu a lokacin yaƙin neman zaɓe.

Kada a ɗauka wannan tsoron ƙauye ne. A Ingila, a 2016, ma'aikatar ilimi ta umarci makarantu su rubuta ƙasar da aka haifi kowane yaro. Sai ta bayyana cewa akwai yarjejeniyar miƙa wasu bayanan ɗalibai ga ma'aikatar cikin gida mai farautar baƙin haure. Iyaye suka ƙi amsawa, a 2018 gwamnati ta janye tambayar. Mutanen Korgom da Hawandawaki, waɗanda ake haifa wa ƴaƴa a Daura da Katsina da Kano lokacin ci rani, sun fi kowa gane nauyin layin nan na wurin haihuwa.

Nijar ba ta rasa doka ba. An yi mai lamba 2017-28 ranar 3 ga Mayu 2017, wadda ta kafa hukumar kare bayanan sirri ta HAPDP, sannan mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022 ta maye gurbinta. Abin da suka shimfiɗa a fili yake: a gaya wa mutum dalilin karɓar bayanansa, kada a yi amfani da su don wani dalili dabam, yana da hakkin ganin abin da aka rubuta da neman a gyara kuskure, bayanan lafiya da na addini da na asali kuwa sai da kariya ta musamman. Amma da Faransanci aka rubuta su a Yamai, fiye da kilomita 700 daga Tasawa, kuma ba a raka su da ko kabad mai makulli zuwa makarantun karkara ba. Neman darakta ya kiyaye dokar da ba a taɓa karanta masa ba rashin adalci ne.

Abin da ke kusa da hannu shi ne kwamitin kula da makaranta, CGDES, wanda a da ake kira COGES, tare da ƙungiyar iyaye da ta uwaye mata. Su ke duba kuɗi da rufin aji. Rajista ma ta shiga aikinsu. A watan komawa makaranta a karanta wa kowane uba ko uwa layin ɗansu da Hausa, shi kaɗai ba a bainar jama'a ba, a gyara tun yaro yana ajin farko, lokacin da gyara bai wuce jan layi da alƙalami ba. Baƙon da ya zo neman sunaye ya nuna takardar insifekta, ya faɗa wa kwamiti abin da zai yi da su, a rubuta ranar da abin da ya ɗauka. In kuma an canza darakta, a miƙa rajista ga magajinsa gaban shugaban kwamiti, a ƙirga shafukan, a share hotunansu daga wayar mai tafiya.